Madarumfa: tsakanin ɗaki da gidan likita

Wanda ya bar Maraɗi da hantsi ya kama hanyar kudu, wadda ke bi ta Ɗan Isa ta faɗa Jibiya har Katsina, ba ya yin tafiyar rabin awa sai ya ga ƙasa ta sake kama. Jan rairayin da ido ya saba da shi a arewa ya ja da baya, gawo da mangwaro da bedi sun yi sahu, kuma can ƙasa cikin fadama ana hango duhun garake na Gulbin Maraɗi. Nan ce gundumar Madarumfa, mai ƙananan hukumomi shida: Jiratawa, Safo, Sarkin Yamma, Gabi, Ɗan Isa da ita Madarumfa kanta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 448,863 a cikinta, kuma jariran da aka ƙidaya a waccan shekara yau sun isa kora amalanke zuwa kasuwa. Gari na bin gari, gona na manne da gona, har da wuya a samu inda akuya za ta yi kiwo ba ta shiga haƙƙin wani ba.

Baƙon da ya gangaro daga Tanut ko Abalak zai iya rantsuwa cewa a nan wahala ba ta da masauki. Ga ruwa, ga hatsi, ga kwalta, ga babban birnin kasuwanci a bakin ƙofa. Amma duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa kwana aiki a wannan gunduma cikin watan Satumba ya san wani labarin dabam. Sunan Madarumfa ya shiga manyan mujallun likitanci na duniya, kuma tamowa da masassara da zawon yara ne suka kai shi can.

Danja

Zango na farko a kan hanyar shi ne Danja, kimanin kilomita 15 daga Maraɗi. A 1956 ne mishan ɗin SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kafa gidan jinyar kutare a nan. A wancan zamani kuturu yakan zo Danja ne da niyyar zama, domin maganin na shekaru ne, kuma sau da yawa garinsu ya riga ya yafe shi. Daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku wuri guda, wanda ke kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a ko'ina cikin duniya. Yanzu mutum na iya karɓar maganinsa na wata ya koma gonarsa. Abin da ya rage wa kuturta shi ne jinkiri: tabon farko a fata ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, saboda haka ba a ɗaukarsa zuwa likita sai jijiya ta mutu, kuma yatsan da ya guntule babu ƙwayar da ke mayar da shi.

A watan Fabrairu na 2012 aka buɗe wani sashe a gefen tsohon gidan, domin mata masu yoyon fitsari, da taimakon wata ƙungiyar Amurka mai suna Worldwide Fistula Fund. Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan kaɗan, domin wannan lalura ita ce ma'aunin nisan da ke tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata. Idan naƙuda ta tsaya, kan jariri ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi, kwana biyu, kwana uku, jini ba ya gudana a wurin, sai naman ya mutu ya faɗi ya bar kafa. Jaririn galibi ba ya rayuwa. Uwar kuma ta tashi da fitsarin da ba ta iya riƙewa dare da rana, da warin da ke raba ta da miji da kishiya da taron biki. Aikin tiyata na awa ɗaya, da an yi shi a daren farko, da ya hana duk wannan. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma jahar Maraɗi ta haura wannan adadi. Ya nuna kuma mace a jahar na haihuwar fiye da ƴaƴa 8 a tsawon rayuwarta. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga kunyar haihuwar fari da ke hana ta ko nishi, ga tsofaffin gida na cewa a yi haƙuri zuwa safe: haka ake kwana. Kowace mace da ke zaune a inuwar Danja tana jiran likitan fiɗa, akwai daren da aka rasa mota, ko aka rasa kuɗin mota, ko aka rasa wanda zai ba da izinin fita.

Ruwa da abin da ke cikinsa

Daga Danja zuwa Jiratawa taku kaɗan ne. A nan akwai filin noman rani da gwamnati ta shirya a farkon shekarun 1980, da rijiyoyin burtsatse da magudanan siminti, inda ake samun albasa da tattasai da masara da zogale, wanda ake lodawa buhu-buhu har Yamai. Gulbin kansa ya rage ƙarfi tun da aka gina madatsar Jibiya a can samansa, cikin Najeriya, amma da damana yana cika ya tumbatsa, ya raba ƙasar gida biyu. Mutanen Safo da Sarkin Yamma da na ƙauyukan yamma da gulbi sun san ma'anar wannan. Garin da ake hango fitilunsa da dare yana iya zama tafiyar wuni idan ruwa ya zo.

A ratse daga babbar hanya a ƙetare gulbi, sai ga garin Madarumfa a bakin tafkinsa, kimanin kilomita 25 daga Maraɗi. Gulbin Gabi ne ke shayar da tafkin. Masunta na jefa taru, shanu na sauka sha, tsuntsayen ƙetare na yada zango da sanyi, kuma a kewaye akwai kaburburan waliyyai da mutanen garin ke cewa 99 ne, inda masu ziyara ke zuwa neman tubarraki, cikinsu har da marasa lafiya da matan da ke neman haihuwa. Wuri ne mai kyawun gani, ba a musu. Sai dai ruwan da ba ya tafiya gidan sauro ne, gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne kuma, cutar da ta sa a wasu ƙauyuka ake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma.

Asibitin gunduma na cikin garin. Tsarin lafiyar ƙasar kamar tsani yake: a ƙasa akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, samansa gidan likita da ma'aikata ke kira CSI, wanda majo ke riƙe da shi, sannan asibitin gunduma, sannan manyan asibitocin Maraɗi. A takarda, mara lafiya na hawa mataki-mataki. A ƙasa kuwa, mataki na farko yana cikin gida ne: jiƙo, rubutu, wanzami idan an ce beli ne ya sauko, ko mai tallar ƙwayoyi da ke yawo da tire a ka ko kwali a bayan keke, wanda rana ta gama dafa maganinsa kafin ya sayar. Ba wauta ke sa uwa ta fara da su ba. Su ne a kusa, suna ba da bashi, kuma ba sa yi mata tsawa.

Shekarar 2005

Ba a fahimtar Madarumfa ta yau sai an koma 2005. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka a arewa, kuma kafin tsakiyar shekara kuɗin buhun hatsi ya ninka abin da aka saba. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar cikin wannan shekara guda, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Abin da ya ba masana mamaki shi ne inda yaran suka fito. Taswirar hukuma ta nuna haɗari a arewa, inda amfanin gona ya lalace. Gadajen jinya kuwa sun cika ne da ƴaƴan kudu, na Madarumfa da Gidan Rumji, rumbun ƙasar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san zaman ƙauye. Gandu ya rarrabu tsakanin magada har ya koma tabarma. Talaka na sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, domin ya biya bashin bazara. Ɗan kasuwa ya tara, ya kai inda kuɗi ya fi, har kasuwar Dawanau ta Kano. Da damana talakan nan ya dawo yana sayen tiya da kuɗin da ya sayar da uku. Mata kuma, waɗanda a da kowace ke da gamanarta, ƴar gonar da take samun wake da gujiya da kuɗin cefane, su ne farkon waɗanda aka janye wa ƙasa da ta yi ƙaranci. Yaron da aka yaye da wuri saboda wani ciki ya shiga, aka ɗora shi a kan farar fura ba nono, masassara ta kada shi sau biyu, zawo ya biyo baya, ba ya bukatar fari kafin ya rame. An yi ta yaɗa magana a lokacin cewa laifin uwaye ne, har ana cewa wasu na barin ƴaƴansu da yunwa don su samu rabon abinci. Magana ce mai daɗin faɗi ga wanda ya ƙoshi. A watan Agusta na shekarar shugaba Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, kuma jayayyar ta yi tsawo har aka rubuta littafi a kanta a 2007, mai suna «Niger 2005, une catastrophe si naturelle». A watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Wata ƙungiyar likitocin Nijar, Forsani, ta ɗauki aikin Madarumfa, daga baya MSF ta dawo.

Cikin wannan hayaniya akwai abin da ya canza har abada, kuma shi ne ya fi cancantar a tuna. A da, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi kusan wata guda ana ba shi madara ta musamman, uwarsa na zaune a gefensa. Wace uwa ce za ta bar gona a tsakiyar noma, ta bar ƴaƴa biyar da miji da daka da ɗibar ruwa, ta tare a Maraɗi kwana talatin? Kaɗan ne ke zuwa, kuma da yawa cikin masu zuwan na gudu kafin a sallame su. Sai ga wani ɗan ƙunshi mai nauyin giram 92, Plumpy'nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a Faransa a 1996: tunkuzar gujiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba a dafawa, ba a dama shi da ruwa, ba ya lalacewa da zafi. Uwa ta zo sau ɗaya a mako, a auna yaro, ta karɓi rabon kwana bakwai ta koma gida. Waɗanda suka daina cin abinci ko wata cuta ta haɗu musu ne kaɗai ake kwantarwa. Fiye da 9 cikin 10 na yaran da aka yi wa jinya a Maraɗi a 2005 sun warke. A shekarar ce kuma wani kamfani na Yamai, STA, ya fara yin ƙunshin a cikin ƙasa.

Maganin da ke tafiya da ƙafarsa

Duk wani ci gaban da aka gani a wannan gunduma tun daga lokacin, idan aka bi sawunsa, za a tarar da abu guda: an ɗauke wa uwa wani yanki na tafiya. Ɗakunan shan magani na ƙauye da shirin musamman na shugaban ƙasa ya soma ginawa a 2001 sun kawo ma'aikaci kusa da rijiya. Ɗan zaren awo mai launi uku, wanda ake ɗaurawa a damtsen yaro, ya fita daga hannun likita ya shiga hannun uwaye. Idan ya nuna ja, watau ƙasa da milimita 115, ba sai an yi wa kowa bayani ba. A ƙauyuka masu nisa ana horar da mutumin gari, a ba shi akwati mai abin gwajin jini na minti goma sha biyar, da maganin masassara, da na ciwon haƙarƙari, da gishirin zawo.

Sai rigakafin masassara na damana. A 2012 OMS ta amince da shi ga ƙasashen Sahel, a 2013 aka soma shi a wasu gundumomin Nijar, Madarumfa na ciki. Daga Yuli zuwa Oktoba, sau ɗaya a wata, ana bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 ƙwayoyi na kwana uku. Ta farko a gaban mai rabo ake sha, sauran biyun an bar wa uwa amana. Maganin na da ɗaci, yaro na tofarwa, wata uwar na ajiye ragowar don ranar da jiki ya yi zafi. Duk da haka, inda aka sha shi yadda ya kamata, masassara na raguwa ƙwarai.

Ƙauyukan nan sun ba duniya fiye da abin da aka sani. Tsakanin 2014 da 2015 cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada wani sabon rigakafin zawon yara na rotabirus a gundumar, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi. An bi jarirai 3,508, kuma sakamakon da aka buga a watan Maris na 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani na rotabirus da kashi 66.7 cikin 100. Darajarsa ita ce yana jure zafi wata da watanni ba tare da firji ba, abin da duk majon da ya taɓa kwana yana fargabar gas ɗin firjinsa zai ƙare ya san amfaninsa. A 2018 OMS ta amince da shi, ƙasashe suka fara saye. Kafin wannan, a 2012 da 2013, wani gwajin da aka yi kan yara kimanin 2,400 a gidajen likita huɗu na gundumar ya nuna cewa ba kowane mai tamowa ne ke bukatar amoksisilin ba. Matan da ba su taɓa shiga lakwal ba, da suka dangwala yatsa a takardar yarda suka riƙa kawo jariransu awo mako bayan mako, da su aka rubuta waɗannan shafuka na ilimin likitanci. Ko an koma an gaya musu abin da aka gano, da harshen da suke ji, tambaya ce da ta cancanci a riƙa yi wa duk mai zuwa bincike.

Alƙaluman ƙasa sun shaida canjin. Binciken 1992 ya samu cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara 5. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna adadin ya sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Kyautar da ba a biya ba

Akwai tafiya ta ƙafa, akwai ta aljihu. Bayan taron Bamako na 1987 ƙasashen Afirka suka rungumi tsarin mara lafiya ya biya wani abu domin gidan likita ya riƙa sayen magani. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, kuma dokar 1995 ta tabbatar da biyan a Nijar. Magani ya samu a kanta, talaka ya rage zuwa. A ƙarshen 2005 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Nan da nan layi ya yi tsawo a ƙofar kowane CSI, abin da ya nuna cewa da ma kuɗi ne ke tsare mutane a gida.

Sai dai kyauta wani ke biyanta. Tsarin shi ne gidan likita ya yi jinya, ya cika takardu, ya aika, baitulmali ya mayar masa da kuɗinsa. Takardun sun tafi, kuɗin suka riƙa makara wata da watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya kai miliyoyin dubbai na sefa. Masu bincike na cibiyar Lasdel ta Yamai sun yi rubutu mai yawa a kan haka. Majon da asusunsa ya bushe ba ya iya sayo magani, saboda haka sai ya duba yaro kyauta, ya rubuta takarda, ya ce a je farmasi. Uwa ta fito da takarda a hannu, ba ta iya karanta ta, ba ta iya sayen abin da ke cikinta, sai ta nufi mai tire ta ce ya ba ta na dala ashirin. Inda wata ƙungiyar waje ke cike giɓin, kamar sashen yara na Madarumfa, kyauta ta zama kyauta da gaske. Inda babu, ta zama rabin alkawari. Wannan ya haifar da wani abin mamaki: ɗan shekara huɗu na da gata fiye da yayansa ɗan shekara shida, kuma uwar da ta kawo shi, mai hawan jini ko ciwon sukari, ba ta cikin lissafin kowa. A watan Agusta na 2024 hukumomin ƙasa suka yanke rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na gwamnati daga 1 ga Satumba, suka mayar da haihuwa kyauta. Talaka ya yi maraba. Tambayar da ta kayar da kyautar 2006, wa zai mayar wa gidan likita abin da ya kashe, kuma yaushe, ita ce za ta yanke wa wannan ma hukunci.

Abin da ba ya shiga akwati

Ma'aunin hukuma na kusanci shi ne kilomita 5 daga gidan likita, kuma a faɗin ƙasa waɗanda ke cikin wannan da'ira ba su wuce rabin jama'a da kaɗan ba. Kilomita 5 ba komai ba ne ga mai babur da rani. Ga mace mai goyo a baya da ciki a gaba, cikin laka, abin ya fi awa guda.

Kuma akwai abubuwan da har yau ba a iya sa su a akwati a kai ƙauye: ƙarin jini, iskar numfashi, wuƙar tiyata. Masassara mai tsanani na cinye jinin yaro cikin kwana biyu. Tafin hannunsa ya yi fari, numfashi ya yi sama-sama, ya fara sanƙarewa. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nemi hayaƙi da tofi, rana ta faɗi. Kafin a samu amalanke zuwa CSI, majo ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kira motar asibiti ko a yi ciniki da ɗan kabu-kabu, wani wunin ya tafi. A gundumomi da dama na ƙasar an ƙirƙiro ƙarin dala ashirin a kan kowane mai zuwa likita domin a tara kuɗin man motar ɗaukar marasa lafiya, dabara mai kyau wadda ta nuna girman ramin da take ƙoƙarin cikewa. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sauro ya yi yawa, sashen yara na cika har a kafa tantuna, a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya. Ma'aikatan na cewa da yawa daga yaran da ke rasuwa a hannunsu cikin kwanan farko suke rasuwa, watau sun iso ne bayan an gama yaƙin a hanya. Jinin da za a ƙara musu kuma daga jikin mutum yake fitowa, kuma uban da ya kamata ya bayar sau da yawa yana can ci-rani a Kano ko Legas ko Agadas.

Ɗan Isa

A komo kan kwalta a ci gaba kudu, sai Ɗan Isa, garin ƴan duwan da manyan motoci da masu canjin naira. Daga nan zuwa Jibiya ɗan taƙi ne. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar ƙasar Katsina ce, ta bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan, kuma cuta ba ta taɓa tsayawa a shingen duwan ba. A farkon watan Yuli na 2018 wasu ƴan gida ɗaya daga yankin Jibiya suka iso gidan likita na Nyelwa da amai da zawo. Kafin farkon Oktoba kwalara ta kama mutum sama da 3,600 a Nijar, ta kashe 68, kuma gundumar Madarumfa ce ta fi kowace jin jiki. Magani ma haka yake ƙetarawa: yawancin ƙwayoyin da ke kan tiren mai talla daga kasuwannin kudu suke fitowa, masu kyau da jabu a haɗe. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, an ji abin a farashin magani kamar yadda aka ji shi a na shinkafa.

Abin da ba a saba gani ba shi ne babbar ƙasa ta zo neman jinya wurin ƙarama. Shekara da shekaru matan ƙauyukan Katsina na biyo hanyoyin daji da ƴaƴansu a baya zuwa Ɗan Isa da Madarumfa, domin sun ji a nan ana ba da abincin tamowa ba a karɓar ko kwabo. Yawansu na cikin abin da ya sa MSF ta buɗe aiki a Katsina a 2021. A can ɗin ma ba a huta ba: ƙungiyar ta ba da labarin mutuwar yara 652 a cibiyoyinta na jahar Katsina cikin wata shida na farkon 2025, shekarar da manyan masu ba da agaji, Amurka a gaba, suka zaftare kuɗinsu.

Sannan ga ƴan bindiga. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsero zuwa jahar Maraɗi, kuma satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka biyo su har ƙauyukan Gabi da na gefen dajin Babban Rafi. Wannan ya ƙara wa hanya wani tsawon da ba a aunawa da kilomita. A garin da ake tsoron fita bayan isha'i, naƙudar da ta tsaya da tsakar dare sai ta jira asuba, yaron da ya sanƙare shi ma haka. Ma'aikacin da aka tura irin wannan wuri yana neman canji tun kafin ya kwance kayansa.

Da gari ya waye, amalanken shanu da na jakai ke fara fitowa daga hanyoyin rairayi suna hawa kwalta, wasu da buhunan zogale, wasu da tabarma a shimfiɗe da mace a kishingiɗe an rufa mata zane. A ƙofar gidan likita na Ɗan Isa mata sun riga sun jera karne-karnensu a ƙasa, an ɗora wa kowane dutse don kada iska ta ɗauke layi. Mai awo ya rataye sikeli a reshen bedi, majo ya buɗe babban littafinsa, yana tambayar kowace sunan yaro da watanninsa da garin da ta fito, yana rubuta garuruwan ƙasashen biyu a layi ɗaya.